Filin Amsoshinku: Zanen Barkwanci da Masu Babakeren Kasuwa a Farkon Ƙarni na 20

Wasiƙun wannan wata sun karkata ga abu guda: tsofaffin zane-zanen jaridu da aka yi wa manyan kamfanoni zambo da su a Amurka da Ingila shekara ɗari da ashirin da suka wuce. Mun tattara waɗanda suka yi kama da juna, muka amsa su tare.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani tsohon zane mai launi na wata dabbar teku mai hannuwa da yawa, an rubuta Standard Oil a kanta, ta nannaɗe gine-gine. Ina so in nuna wa ɗalibaina, amma ina buƙatar sanin wanda ya zana shi da yadda ake karanta shi. Daga wani malamin tarihi, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zanen da ka gani na Udo Keppler ne, ya fito a tsakiyar mujallar Puck ta birnin New York ranar 7 ga Satumba, 1904, wata biyu kafin zaɓen shugaban ƙasa. Takensa kalma ɗaya ce, Next!, wato "sai na gaba". Dabbar ita ce oktofus, wadda ke zaune a teku, mai hannuwa da ke manne wa duk abin da suka taɓa.

Ka sa ɗalibai su fara duba kan dabbar. Ba kan dabba ba ne, tankin ajiyar mai ne aka yi wa idanu. Daga nan su bi hannuwan ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun shaƙe mutanen da ke wakiltar sana'ar ƙarfe da ta jan ƙarfe da ta jiragen ruwa. Ɗaya ya naɗe ginin majalisar wata jiha, ɗaya ya naɗe ginin majalisar tarayya da ke Washington. Sai hannu guda da bai kama komai ba tukuna, ya miƙa yana dosar Fadar White House. Duk maganar zanen tana kan wannan hannun. Sauran suna ba da labarin abin da ya riga ya faru, shi kuwa gargaɗi ne ga mai jefa ƙuri'a.

Ɗalibi ba zai fahimci dalilin zaɓen wannan dabba ba sai ya san yadda kamfanin yake a tsare. John D. Rockefeller da abokansa sun kafa Standard Oil a jihar Ohio a 1870, aikinsu tace ɗanyen mai a fitar da kananzir, domin a lokacin fitila ce babbar kasuwar mai, mota ba ta zo ba. A farkon 1872 kaɗai kamfanin ya haɗiye matatu 22 cikin 26 da ke birnin Cleveland. Makaminsa shi ne kuɗin dakon jirgin ƙasa. Saboda yawan kayansa, kamfanonin jirgi suna mayar masa da wani kaso na kuɗin dako a asirce. A wasu yarjejeniyoyin ma har ana ba shi kaso daga kuɗin da abokan hamayyarsa suka biya. Mai ƙaramar matata duk gangar da ya loda, yana ƙara wa wanda ke neman karya shi ƙarfi ne bai sani ba.

A 1882 aka zo da dabarar da ta ba wa zamanin suna, wato trust, riƙon amana. Dokokin jihohi sun hana kamfani mallakar wani kamfani a wata jiha, sai masu hannun jari na kamfanoni kusan 40 suka miƙa hannayen jarinsu ga amintattu 9, aka ba su takardun shaida a madadi. A takarda kowane kamfani yana nan da sunansa da ofishinsa, mai saye yana ganin kamar gasa ake yi, alhali umarni daga ɗaki guda yake fitowa. Da kotun Ohio ta rushe wannan tsari a 1892, sai aka sake ɗaure shi a 1899 ƙarƙashin kamfanin uwa a jihar New Jersey. A shekarar da aka yi zanen, kusan kashi 90 cikin 100 na man da ake tacewa a Amurka yana hannunsa.

To yaya za ka zana yarjejeniyar amintattu? Takarda ce a cikin akwatin lauya, babu abin gani. Oktofus ta warware wannan matsala: kai ɗaya, hannuwa barkatai, kowane hannu yana aiki a wani wuri dabam, kuma in ka sare ɗaya sauran suna nan. A ganinmu wannan shi ne babban aikin da masu zanen suka yi, sun ba wa abin da ke ɓoye jiki har talaka ya iya nuna shi da yatsa. Gani ya kori ji. Ba Keppler ne ya fara ba. Tun 1882 G. Frederick Keller ya zana kamfanin jirgin ƙasa na Southern Pacific a wannan siffa a mujallar The Wasp ta San Francisco, ya naɗe manoman alkama da masu katako da masu haƙar ma'adinai.

Tambaya: Ina karatun zane-zane. Yaya aka yi suka buga hotuna masu launi haka da yawa a lokacin da babu kwamfuta? Ina son bayani dalla-dalla. Daga wata ɗaliba, Kano.

Amsa: Malama, hanya biyu ce, kuma bambancinsu shi ya sa zanen mujalla da na jaridar kullum ba su kama da juna.

Mujallun mako irin su Puck da Judge da bugun dutse suke aiki, fasahar da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796. Tushenta shi ne maiƙo da ruwa ba sa haɗuwa. Ana samo wani dutse mai laushin fuska, mafi kyawunsa daga Solnhofen a kudancin Jamus, mai kauri kamar santimita 8 zuwa 10. A goge fuskarsa da yashi da ruwa, ana murza wani dutsen a kansa, har tsohon zane ya fita kuma ya yi ɗan kaushi daidai yadda zai kama alli. Mai zane ya zana kai tsaye a kan dutsen da alli mai maiƙo, wanda ake haɗawa da kakin zuma da sabulu da kitse da baƙin hayaƙin fitila. Dole ya zana a juye, hagu ta koma dama, har da rubutu, domin bugu zai sake juya shi. A zanen da ke cike da sunayen kamfanoni a jikin kowane mutum, wannan aiki ne mai cin rai.

In an gama, sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro da aka ɗiga wa asid kaɗan. Ƙaron nan dai da kika sani ne, wanda ake tsinta a jikin itatuwa a Sudan da Chadi da Borno da Yobe, kuma maɗaba'un Turai da Amurka sun dogara da na yankin Sahel. Aikinsa shi ne ya sa wuraren da babu zane su riƙa riƙe ruwa, asid kuma ya kafe maiƙon zanen a cikin dutse. Sai a wanke baƙin allin, a jiƙa dutsen da soso, a birgima masa tawada mai maiƙo. Tawadar ta kama inda aka yi zane, ta ƙi inda ruwa yake. A ɗora takarda, a matse.

Launi kuwa kowanne da dutsensa. Akwai dutsen uwa mai ɗauke da baƙin layi. Daga shi ake kwafe siffar zanen zuwa sauran duwatsu da garin jan alli marar maiƙo, wanda ba ya kama tawada, don ma'aikaci ya san iyakar inda zai cika. A gefen kowane dutse akwai ƙananan alamomin giciye da ake daidaita takarda da su. Ana fara buga launuka masu haske. Ba kowane launi ake yi wa dutse ba: shuɗi a kan rawaya yana ba da kore, ja a kan rawaya yana ba da ruwan lemo, ɗige-ɗigen ja a kan farar takarda yana ba da launin fatar fuska. A lokacin Puck tana da shafi 16, ana sayar da ita senti 10, kuma zane mai launi uku take ɗauka: na bangon gaba, na bangon baya, da babba mai cin shafi biyu a tsakiya. Kamfanin J. Ottmann ne ke buga mata.

Abubuwan da ke lalata aikin sanannu ne. Yatsa ya taɓa fuskar dutse, maiƙon fata zai kama tawada, shatin yatsan ya fito a kowane kwafi, shi ya sa mai zane ke ɗora hannunsa a kan katako da aka gitta bisa dutsen. Asid ya yi yawa, ya ƙone inuwa mai laushi, fuskoki su fito fayau babu zurfi. Ya yi kaɗan, tawada ta fara bin wuraren da ya kamata su zama farare, zanen ya dushe. Dutse ya bushe a tsakiyar aiki, tawada ta kama ko'ina. Mafi yawan faruwa kuwa shi ne takarda ta sha danshi ta miƙe tsakanin bugu da bugu, sai ja ya zame daga cikin baƙin layi, ki ga leɓen mutum ya sauka a haɓarsa.

Wannan hanya tana cin kwanaki. Saboda haka mai zanen mujalla ba ya bin labarin jiya, yana zaɓen batun da zai kai mako biyu da ransa, ya cika shi da ƙananan abubuwa da mai karatu zai zauna ya tsintsinta.

Jaridar kullum ba ta da wannan lokaci. Mai zanenta da alƙalami da baƙar tawada yake aiki a kan farin kwali mai santsi, yawanci ya ninka girman da za a buga. A ɗauki hoton zanen a rage shi, a haska hoton a kan farantin tutiya da aka shafa wa sinadari mai taurara in haske ya taɓa shi. A wanke inda bai taurara ba, a barbaɗa garin wani jan ƙaro a gasa shi ya kare layukan, a tsoma a asid ya cinye sauran. Ba a tsomawa sau ɗaya. Ana fitarwa a sake barbaɗa garin ta ɓangarori huɗu don ya kare gefen layi, in ba haka ba asid zai ci ta ƙarƙashi layin ya karye. A ƙarshe a kafa farantin a kan katako ya kai tsayin haruffan bugu, inci 0.918. Cikin sa'o'i an gama. Farantin ba ya sanin ruwan toka, ko baƙi ko fari, don haka inuwa sai da layuka masu gittawa ko da ɗige-ɗigen da Benjamin Day ya ƙirƙiro a 1879. In kin matse layukan inuwa sosai, bayan an rage girma za su haɗe su zama baƙin tabo, siraran layuka kuma su ɓace. Zanen farko da shuɗin fensir ake yi domin kyamarar lokacin tana ganin shuɗi tamkar fari.

Tambaya: Me ya sa kullum ake zana attajiran da ƙaton tumbi da doguwar hula, ga wani ɗan mitsitsin mutum a gefe? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, tumbin asalinsa buhun kuɗi ne. Joseph Keppler, mahaifin Udo kuma wanda ya kafa Puck, ya zana zauren Majalisar Dattawan Amurka a fitowar 23 ga Janairu, 1889. Sanatoci ƙanana suna zaune a kujerunsu, a bayansu ga jerin ƙattai da jikinsu buhunan kuɗi ne, kowanne da suna a ciki: na ƙarfe, na jan ƙarfe, na sukari, na mai, na kwal. Ƙofar masu babakere a buɗe take wangam, wata 'yar ƙofa can sama da aka rubuta ta jama'a ce kuwa an garƙame ta. Akwai hujja a ƙarƙashin wannan: a lokacin majalisun jihohi ne ke zaɓen sanatoci, kuma sayen 'yan majalisar jiha ya fi sayen dukan masu ƙuri'a sauƙi. Sai a 1913 aka gyara tsarin mulki jama'a suka fara zaɓen sanatoci da kansu.

Girma a waɗannan zane-zane ma'aunin iko ne. Horace Taylor ya kai abin ƙarshe a mujallar The Verdict a Janairun 1900: Rockefeller riƙe da Fadar White House a tafin hannunsa yana leƙa ta da gilashin maƙeran zinariya, ginin majalisa a bayansa ya koma matatar mai yana fitar da hayaƙi.

Ɗan ƙaramin mutumin kuwa Frederick Opper ne ya shahara da shi, bayan ya bar Puck ya koma jaridun William Randolph Hearst a 1899. Ɗan mutumin shi ne talaka, mai ƙaramar hula da tabarau, wanda ake yi wa kashin dankali a kowane zane. Kafin Opper, Homer Davenport ya riƙa zana babakere a matsayin ƙato mai gashi da mugun kallo, kuma a zaɓen 1896 ya sanya wa Mark Hanna, mai tara wa ɗan takarar shugaban ƙasa William McKinley kuɗin kamfe, kwat da aka cika da alamar dala. Opper ya bi wata hanya: ƙattansa masu fara'a ne, suna dariya suna lalube aljihun talaka. Mun fi ganin ƙarfin na Opper. Dodo yana tsorata mai kallo ya ji abin ya fi ƙarfinsa, amma ƙato mai dariya yana cin zalinka yana fusata mutum, kuma wanda ya fusata shi ke fita jefa ƙuri'a.

Tambaya: Shin da gaske waɗannan zane-zane ne suka rusa Standard Oil, ko dai ana kambama su ne? Daga wani lauya, Kaduna.

Amsa: Barista, zane bai rusa kamfani ba, kuma duk wanda ya faɗa maka haka ya tsallake rabin labarin. Davenport ya yi wa Hanna kaca-kaca a 1896, McKinley ya ci zaɓe. Opper ya shafe 1900 yana zana McKinley a matsayin yaro ƙarami da babansa babakere ne, McKinley ya sake ci.

Doka ma ta daɗe tana barci. An kafa dokar Sherman a 1890 don hana haɗa baki a danne ciniki, amma a 1895 Kotun Ƙoli ta wanke kamfanin sukari da ke riƙe da kusan kashi 98 cikin 100 na tace sukari a ƙasar, bisa hujjar cewa sarrafa kaya dabam, ciniki tsakanin jihohi dabam. Bayan wannan hukunci haɗe kamfanoni ya ƙaru. A 1901 attajirin banki J. P. Morgan ya haɗa kamfanin ƙarfe na U.S. Steel da jarin dala biliyan 1.4.

Abin da ya juya lamarin abu uku ne suka haɗu. Na farko bincike: Ida Tarbell ta buga tarihin Standard Oil kashi 19 a mujallar McClure's daga 1902 zuwa 1904, da takardun kotu da shaidun da aka bayar a gaban kwamitocin majalisa, ta nuna yadda ake karɓar rangwamen sirri da yadda ake leƙen asirin kayan abokan hamayya ta hannun ma'aikatan jirgin ƙasa. Na biyu gwamnatin da ta yarda ta shigar da ƙara: Shugaba Theodore Roosevelt ya kai kamfanin jiragen ƙasa na Northern Securities kotu a 1902, aka rushe shi a 1904 da rinjayen alƙalai 5 a kan 4. An kuma yi dokar Elkins a 1903 da ta Hepburn a 1906 don toshe rangwamen dako. Na uku shi ne jama'ar da ta riga ta san wa ake magana a kai, kuma a nan zanen ya yi aikinsa. Mutum nawa ne zai karanta kashi 19 na lissafin kuɗin dako? Amma wanda ya ga zanen Frank Nankivell a Puck a watan Mayun 1906, Roosevelt yana jariri yana shaƙe macizai biyu, ɗaya da kan Rockefeller ɗaya da kan Sanata Nelson Aldrich, ya san ɓangaren da yake. A watan Nuwamban wannan shekara gwamnati ta shigar da ƙarar Standard Oil, kuma ranar 15 ga Mayu, 1911 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a raba shi gida 34. A watan nan kuma aka yanke wa kamfanin taba na American Tobacco irin wannan hukunci. Daga ɓaraguzan Standard ne aka samu kamfanonin da daga baya suka zama Exxon da Mobil da Chevron.

Akwai inda zanen ya karkatar da tarihi, kuma ya kamata a faɗa. Roosevelt mai sanda da manyan haƙora ya fi daɗin zanawa, don haka shi ake tunawa da fasa babakere, alhali William Howard Taft da ya gaje shi ya fi shi yawan shigar da ƙararraki cikin shekara huɗu kacal, kuma a zamaninsa aka yanke hukuncin 1911. Haka nan oktofus ba ta da hanyar nuna cewa farashin kananzir ya sauka ƙwarai a shekarun da Standard ke mulkin kasuwa, ko cewa kasonsa ya riga ya fara raguwa kafin hukuncin saboda sababbin rijiyoyin Texas da Oklahoma. Rabawar ma ba ta talauta Rockefeller ba: an ba shi kasonsa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a kowane ɗaya daga kamfanonin, darajarsu ta hau, dukiyarsa ta ƙaru. U.S. Steel kuwa, duk da yawan zanen da aka yi masa, ya yi nasara a Kotun Ƙoli a 1920.

Tambaya: Duk Amurka ake ta ambata. Babu irin wannan a Ingila, kuma babu abin da ya shafe mu a ciki? Sannan ba a kai masu zanen kotu? Daga wani ɗan kasuwa, Zangon Kumasi.

Amsa: Alhaji, akwai, kuma labarin Ingila ya amsa tambayoyinka duka biyu. A 1906 farashin mai da kitsen da ake yin sabulu da su ya tashi, domin masu yin man shafa wa burodi sun shigo kasuwar suna saye. William Lever, mai sabulun Sunlight, ya shirya haɗa manyan masu sabulu na Ingila su zama ƙungiya guda. A daidai lokacin ya rage nauyin sandar sabulunsa daga oza 16, wato laba guda, zuwa oza 15, farashi bai canja ba. Jaridun Lord Northcliffe, Daily Mail da Daily Mirror, suka taso masa. W. K. Haselden ya zana ƙaton mai kanti a Daily Mirror, wata matalauciya tana tambayarsa ko labar nan ba ta gaza da oza guda ba, shi kuwa yana nuna mata cewa ba ta da wani wurin zuwa. Wannan zane ya ci domin kowace mace na iya ɗora sabulu a sikeli ta tabbatar. Ciniki ya faɗi, kafin ƙarshen Nuwamba aka watsar da haɗakar.

Amma jaridun ba su tsaya kan abin da za a iya aunawa ba. Sun buga zarge-zargen da ba su iya kare su ba, Lever ya kai ƙarar ɓata suna, a watan Yulin 1907 a Liverpool aka ba shi diyyar fam 50,000, mafi yawa da aka taɓa bayarwa a irin wannan shari'a a Ingila zuwa lokacin. Sannan Northcliffe yana da tasa buƙata: haɗakar za ta rage kuɗin talla da masu sabulu ke zuba wa jaridunsa. Duk mai nazarin zanen barkwanci ya tambayi wa ke biyan mai zanen. Hearst ma da ke buga zanen Opper magajin dukiyar ma'adinai ne mai neman kujerar siyasa.

Alaƙarmu da labarin ita ce neman man yin sabulu ya kawo Lever Afirka. A 1911 ya samu filayen kwakwar manja a Kwango, a 1920 kuma kamfaninsa ya sayi Kamfanin Neja, wanda ke sayen gyaɗa da fatu a Kano bayan isowar jirgin ƙasa. Kamfanin Neja kansa tsohon mai babakere ne: lokacin da yake riƙe da izinin sarautar Ingila daga 1886 zuwa ƙarshen 1899 ya toshe wa 'yan kasuwar Nembe hanyar ciniki har suka kai wa tasharsa ta Akassa hari a 1895. A 1929 aka haɗe shi da wani babban kamfani aka samu kamfanin UAC. A ƙasarku kuma, Alhaji, manoman koko sun ƙi sayar da amfaninsu a kakar 1937 zuwa 1938 saboda kamfanonin Turawa sun haɗa baki kan saye. Game da Kwango, mujallar Punch ta Landan ta buga zanen Linley Sambourne a Nuwamban 1906: maciji mai kan Sarki Leopold na Beljiyam, wanda Kwango ke hannunsa a lokacin, ya naɗe wani Bakwange, jikin macijin kuwa igiyar roba ce. A 1908 aka karɓe Kwango daga hannun sarkin.

A Amurka 'yan siyasa sun gwada doka. Bayan Charles Nelan ya riƙa zana Gwamna Samuel Pennypacker na Pennsylvania a siffar aku, aka gabatar da ƙuduri a 1903 na hana zana mutum a siffar dabba ko tsuntsu ko kifi ko ƙwaro. Walt McDougall ya mayar da martani da zana 'yan siyasar a siffar itatuwa da kayan lambu. An dai kafa wata dokar ɓata suna mai tsauri a shekarar, aka soke ta a 1907.

Wani aibi da ya fi waɗannan muni shi ne oktofus ɗin nan ba ta tambayar wanda aka ɗora mata suna. Tun cikin shekarun 1890 an yi amfani da ita a kan iyalin Rothschild don yaɗa ƙaryar cewa Yahudawa ne ke juya kuɗin duniya, kuma 'yan Nazi sun ɗauki wannan siffa daga baya. A kan Standard Oil akwai kwantiragi da shaidun kotu a bayan kowane hannu. A kan wata al'umma babu komai sai ƙiyayya. Malamin da zai nuna wa ɗalibai zanen Keppler ya koya musu tambayar hujjar kowane hannu.

Tambaya: A ina zan samu waɗannan zane-zane masu kyau don bugawa, kuma yaya zan gane na asali in an tallata mini? Daga wata mai shagon buga takardu, Jos.

Amsa: Hajiya, ɗakin karatu na majalisar Amurka, Library of Congress, ya sa ɗimbin zanen Puck a shafinsa na intanet kyauta. Ki rubuta sunan mai zane da shekara, ki sauke fayil mafi girma da aka bayar, domin ƙananan rubuce-rubucen jikin zanen su ne rabin ma'anarsa, kuma a ƙaramin hoto ba sa karantuwa. Abin da aka buga a Amurka fiye da shekara 95 da suka wuce ya fita daga haƙƙin mallaka a can, kuma Puck ta daina fitowa tun 1918, don haka za ki iya bugawa. In za ki buga babba, ki tabbatar hoton ya kai ɗigo 300 a kowane inci a girman da kike so.

Na asali kuwa gilashin ƙara girma mai ninka goma zai nuna miki. Bugun dutse yana da ɗige-ɗige marasa tsari, manya da ƙanana, da burbushin alli, kuma a gefen launi za ki ga inda ya ɗan zarce baƙin layi. Bugun zamani yana da ɗigo a jere cikin tsari ɗaya ko'ina, suna haɗa siffar ƙananan furanni. Ki juya takardar: shafin mujalla na gaske yana da rubutu ko tallace-tallace a bayansa, na tsakiya kuma yana da karyar ninki da ƙananan hujojin ɗinki. In kin mallaki na asali kada ki lulluɓe shi da leda mai zafi ko ki manna masa salatif, domin gam ɗin yana shiga takarda ya bar tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Ki shimfiɗa shi tsakanin fararen takardu marasa asid, nesa da rana, domin ja da rawaya su ke fara koɗewa, kuma da damina ki riƙa duba shi saboda danshi da gara.